Muryar Aro

Ku jawo bencin nan cikin inuwa, tunda kun ce kuna son jin yadda aka yi na tsufa a kan aikin da ku kuke gamawa kafin shayi ya huce. Na ji ku jiya, ni ba kurma ba ne. Wai juya ƙunshin manhaja daga wannan tsari zuwa wancan layi ɗaya ne, ka rubuta, ka danna, shi ke nan. To, gaskiyarku, layi ɗaya ne. Ni ma shi nake rubutawa. Abin da ke gabansa da abin da ke bayansa su suka sa mini furfura, kuma su zan gaya muku yau, har da labarin wata baiwar Allah a Roni da ta ara mini muryarta, ranar da ta ce a mayar mata ba ta dawo duka ba.

Bari in fara da ƙunshin kansa, don na lura wasunku suna juya shi ba su taɓa leƙa cikinsa ba. Manhaja ba ta zuwa tsirara, a ɗaure take zuwa. In ka kwance za ka tarar da fayiloli, da bayanin inda kowane fayil zai je ya zauna a cikin kwamfuta, da sunayen wasu manhajojin da sai suna nan wannan za ta tashi. Can ƙasa kuma akwai lasisi, wato sharaɗin mai abin, wanda ba mai karantawa. Ɗaurin iri-iri ne. Tsofaffin kwamfutocin da ake rabawa makarantu da ƙananan asibitocin yankin nan, daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa da Babura, ɗaurin da ake kira deb suke karɓa. Waɗanda na sani a ƙetare, wajen Magarya, rpm suke ci. Ga shi ƙauyukan ba intanet ɗin kirki, balle kwamfuta ta je ta ɗauko wa kanta abin da ya dace da ita. Sai mutum irina ya kwance wancan ɗaurin, ya sake ɗaure shi yadda tamu za ta karɓa, ya zuba a filash, ya hau babur.

Aikina na farko a duniya ba ruwansa da kwamfuta. Mahaifina ya ɗauko ni daga Roni ya damƙa ni a hannun Oga Bitrus, mai buga takardu da gyaran tafireta a kusa da tasha a nan Kazaure. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, kuma Hausarsa ta fi ta yawancinmu tsabta, don shi koyonta ya yi, mu tsintarta muka yi. Tafireta ba ta da baƙaƙe masu ƙugiya. Sai ya buga takarda ya miƙo mini, ni kuma in bi da biro ina lanƙwasa wa k da d da b kawunansu inda ya kamata. In na tsallake ɗaya ba ya duka, ba ya zagi. Jira yake sai shago ya cika, sannan ya ɗaga takardar ya karanta da ƙarfi yadda na bar ta. “Yaro ya taka kaya har ƙafarsa ta kumbura. Habu, kayan wa ya taka? Tashi mu je mu ba mai kaya haƙuri.” Mutane su yi ta dariya, ni kuwa in ji kamar in nutse. Da kwamfuta ta shigo gari idonsa ya riga ya yi rauni, amma shi ya tura ni Kano na koyo, shi ya nemo mini ta farko. Bai san abin da nake yi a kanta ba, duk da haka in ya ga an kawo faifai zan zura sai ya ce, “Ka karanta kafin ka buga?”

Kayan aikina ga su nan kuna gani, ba su cika jaka ba. Sukundireba, buroshi, filash da na ɗaura wa zare kala-kala don kada in rikita su, da babban faifan ajiya da nake naɗewa a tsohuwar hula saboda jijjigar hanya. Babba a cikinsu ita ce waccan kwamfutar ta lungu da kuke ɗora mata kofin shayi. Jaki nake kiranta. Duk abin da na juya, a kanta nake fara ɗorawa, in zai yi ɓarna ya yi a nan shagona, kada ya je ya yi ta a gaban mutane. Ku daina ɗora mata kofi, ta girme wasunku a aikin nan.

Wani hedimasta daga Roni ya taɓa shigo mini da kwamfuta rungume a ƙirji, ana gobe jarrabawa, firinta ta ƙi fitar da komai sai layukan shirme. Da na duba, an ɗora masa wata manhajar tsara tambayoyi da aka juyo daga rpm. Ita da manhajar firinta kowacce tana da fayil mai suna iri ɗaya, kuma wuri ɗaya suke son ajiye shi. Kwamfuta ta yi abin da ya kamata, ta tsaya ta ce wurin nan da mai shi. Wanda ya yi aikin sai ya ƙara kalmar nan da ku ma kuke ƙauna, ta tilastawa, sabon ya hau kan tsohon ya danne. Haba! Ka sauki baƙo ka tarar ɗakin da mutum, sai ka watso kayan na ciki waje? Na kwance ƙunshin, na yi wa baƙon nasa ɗakin, na nuna masa hanya, na mayar wa firinta abinta. Hedimasta ya tafi yana ta sa mini albarka. Irin wannan rikicin ba na tsoronsa, tunda tun daga bakin ƙofa yake ihu. Akwai wanda ba ya ihu, kuma zan zo kansa.

Lasisi kuwa ku daina kallonsa kamar Turancin lauyoyi. Abu ne da kowace tsohuwa a garin nan ta sani: abin da aka miƙo maka, ko kyauta ce ko aro ne. Manhajojin da muke aiki da su yawanci kyauta ce mai sharaɗi. Ka ɗauka, ka kwafa, ka canja, ka sayar ma in ka ga dama, amma duk wanda ka ba shi ma yana da wannan damar, kuma mai ita ba zai dawo gobe ya ce a ba shi abarsa ba. Wani abin kuma aro ne, mai shi yana nan riƙe da igiyarsa. Kowanne halal ne a wurinsa. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka ɗaure su a ƙunshi ɗaya ka liƙa musu takarda ɗaya, don in ka juye geron aro cikin buhun kyauta ka ɗinke, ranar da mai aro ya zo ba ka da yadda za ka tsince masa nasa.

Aikin da nake so ku ji ya faro ne a kasuwar Babura, inda wani dillalin hatsi ya haɗa ni da Mushe Isuhu. Malamin makaranta ne a wajen Magarya, su can malami mushe suke ce masa. Mutum ne mai yawan kyauta, irin wanda in ka yaba rigarsa sai ya fara cire ta. Ya ƙirƙiri wata 'yar manhajar koyon karatun Hausa don manya. Hoto zai fito, kalma a ƙarƙashinsa, in ka danna sai murya ta faɗi kalmar. Kowace kalma da fayil ɗin sautinta, kuma sunan fayil ɗin shi ne kalmar kanta: kaza a fayil mai suna kaza, rago a rago. Ya sake ta a kan lasisin kyauta, ya ba ni a rpm. Na juya ta, na kai azuzuwan yaƙi da jahilci na mata da nake kula da kwamfutocinsu a Gwiwa da Roni da Babura.

Matan suka so ta, amma muryar ta hana su zama lafiya. Muryar Isuhu ce, da harshensu na can. Ya ce tahi, aji ya kwashe da dariya. Wata tsohuwa a Gwiwa ta ce ita ba za ta koyi karatu a bakin namijin da bai iya cewa tafi ba. Sai na tuna da Malama Hassana.

Malama Hassana ita ta koya mini baƙaƙe a firamare a Roni, ni da rabin garin. A lokacin ta daɗe da yin ritaya, mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun yi gidajensu. Murya gare ta wadda ba ta ɗagawa amma tana isa bayan aji, kowane baƙi yana fita da cikar kamanninsa. Na je na durƙusa a zaurenta na yi mata bayani. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, “Habu, wa zai ji?”

Na ce, “Mata masu koyon karatu, Malama. Su kaɗai.”

“To, na yarda. Amma ka ji ni da kyau, aro na ba ka. Ba kyauta ba ce. Ranar da na ce ka dawo mini da abata, ka dawo da ita.”

Na ce na ji, kuma na ɗauka.

A zauren nan muka yi ta ɗauka, da hantsi, bayan matan unguwa sun gama daka. Na sa wa makirfo safa saboda iska. In zakara ya yi cara a tsakiyar kalma, ba ma sai na ce a sake ba, ita za ta ɗaga hannu. Wani lokacin ni na ji ya yi, ita ta ce a'a, wasalin ya gajarce. Mun ɗauki makonni, kuma wallahi ban taɓa yin aikin da na ji daɗinsa kamar wannan ba.

Da na zo ɗaurewa sai sharaɗi biyu suka tsaya mini a gaba. Na Isuhu ya ce kowa ya ɗauka ya yi yadda ya so, har abada. Na Malama ya ce mata masu koyo kaɗai, kuma sai ranar da ta nema. Ba su haɗuwa. Don haka na yi ƙunshi biyu, manhaja daban, murya daban, na rubuta maganar Malama da Hausa a cikin na muryar kamar yadda ta faɗe ta. Na shirya su yadda in aka cire muryar, manhaja za ta koma ta Isuhu ba abin da ya karye. Da Isuhu ya ji muryar sai ya roƙa wa matan azuzuwansu na can. Na koma na tambayi Malama, ta ce mata ai mata ne, a ba su. Na juya masa zuwa rpm, na miƙa masa hannu da hannu, na ce, “Mushe, ka ga ƙunshi biyu ne. Ka bar su biyu. Wannan aro ne.” Ya yi dariya ya ce, “Malam Habu, ai duk don Allah ne.” Na ce duk da haka.

Na gwada a kan Jaki, kalma bayan kalma, komai daidai. Na kai Gwiwa na ɗora a tsohuwar kwamfutarsu, ba ta yi ko tari ba. Na danna kaza ta ce kaza, na danna ƙofa ta ce ƙofa. Matan suka yi ta guɗa, waɗanda suka san Malama suna cewa ga ta ga ta.

Ba a yi nisa ba malamar ajin Gwiwa ta kira ni a waya. A ajin akwai wata mai suna Rabi, da tsohon ciki, kuma duk garin an san cikinta na baya bai tsaya ba, na gabansa ma haka. Ranar suna kan lissafi, layi ya zo kanta, hoton da ya fito lambar ɗari ce. Rabi ta danna. Muryar Malama, tar da ita, ta ce, “Ɓari.” Rabi ta ɗauka kunnenta ne, ta sake dannawa. “Ɓari.” Ta ɗauki mayafinta ta fita. Kafin magariba magana ta zaga gari, wai Malama Hassana ta Roni ta yi wa Rabi baki ta cikin na'ura.

Washegari na hau babur na tafi. Da na buɗe inda sautukan suke na ga abin da ya faru, sai na zauna a ƙasa. Tsohuwar kwamfutar tana nuna baƙaƙe masu ƙugiya a kan allo lafiya lau, amma a sunan fayil ba ta san su ba. Lokacin da take kwance sautukan tana jerawa, duk inda ta ga ƙ ko ɗ ko ɓ sai ta sa alamar tambaya a gurbinsa. Ƙari ya zama alamar tambaya da ari. Ɗari ma haka. Ɓari ma haka, wanda muka ɗauka don koyar da ɓ, hotonsa ƙwaryar nono ce da ta kife. Suna uku suka koma ɗaya, na ƙarshe ya kwanta a kan 'yan'uwansa, ba gargaɗi ba komai, don a ganin kwamfuta fayil ɗaya ne ake ta sabuntawa. Ƙofa ta tsira ne kawai saboda ba ta da tagwai. Jaki kuma ta fi waccan ƙuruciya, ta san ƙugiya, shi ya sa ba ta nuna mini komai ba. Ashe ma tun kwanaki in an danna ɗaya sai ta ce ƙaya, matan suna dariya suna cewa na'ura ta iya zolaya.

Gyaran bai ɗauke ni wuni ba. Na cire kalmomi daga sunayen fayiloli gaba ɗaya, na ba kowanne lamba, na yi wa manhaja jagorar da za ta bi. Na zauna na danna kowace kalma a kan ita wannan tsohuwar kwamfutar, ba a kan Jaki ba. Sannan na wuce Roni da murnata cewa na kamo ɓarawon.

Labari ya riga ni. Na tarar da Malama a zaure da hijabinta, kamar mai shirin fita. Na gaishe ta, ta amsa a gajarce. Na fara zuba bayanin alamar tambaya, ta bar ni na kai ƙarshe, don ba ta katse ɗalibi.

Ta ce, “Na gane. Ba kai ka faɗa ba, ba ni na faɗa ba. Amma yarinyar nan muryar wa ta ji?”

“Taki, Malama. Amma na gyara, wallahi na bi su ɗaya bayan ɗaya.”

“Ka gyara wanda ka gani. Habu, ni in na yi kuskure a aji ina ganin fuskar yaro, nan take in janye. Wannan abar tana magana da bakina ba ta ganin kowa. Dawo mini da abata.”

Na roƙe ta. Na ce matan sun saba da ita, na ce karatunsu ya fara tafiya. Ta ce ta sani, kuma abin ya dame ta, amma ta riga ta faɗa. Daga nan ta sa aka tsayar mata da mota ta tafi Gwiwa da ƙafarta mai ciwo, ta shiga har ɗakin Rabi ta zauna da ita. Abin da suka ce ban sani ba, ba a shiga da ni ba. Rabi dai ta sauka lafiya da lokacinta ya yi, ta kuma koma aji. Na yi zaton wannan zai sauko da Malama. Bai sauko da ita ba.

Shekarar ita ce mafi muni da na gani a sana'ar nan. An rufe iyaka, mai ya yi tsada, makarantu suka daina kira, sai in wuni a shago ba wanda ya leƙo. A cikin wannan halin na bi azuzuwan nan da damina ina cire muryar da na fi alfahari da ita. Cirewar ba wuya, tunda daban na ɗaure ta, kuma a ranakun nan na gode wa Allah da na yi hakan. Wuyar ita ce fuskokin matan in muryar Isuhu ta dawo. A wani ƙauyen Babura wata ta tare ƙofa ta ce, “Malam, in ka bar mana wa zai sani?” Na ce ni zan sani. Wasu sun daina zuwa aji daga ranar, wannan ba zan ɓoye muku ba, kuma ya yi mini ciwo. Da na gama na kai faifan ajiyata Roni, na goge na wurina a gabanta.

Saura na ƙetare. Waya ba ta shiga, in ta shiga ta yanke. Na yi ta aika saƙo ta hannun dillalan hatsi masu bin hanyar daji. Ranar da na samu Isuhu sosai, na ce masa mai murya ta nemi abarta, a cire.

Ya ce, “Malam Habu, akwai magana. Malamanmu na ƙauye ƙunshi biyu yana rikita su, sai su ɗora ɗaya su manta ɗaya. Sai na haɗe su.”

“Ka haɗe su a ƙarƙashin wace takarda?”

“Tawa.”

“Ka ba wa?”

“Duk wanda ya tambaya. Na kuma sa a inda muke ajiye wa kowa ya ɗauka. Na ga aikin alheri ne, na ce ai ladanta zai ƙaru.”

Na yi fushi, na kuma gaya masa na yi fushi, da kalmomin da ba zan maimaita a gabanku ba. Bai musa ba. Ya cire daga azuzuwansa, ya cire daga inda ya ajiye, ya yi duk abin da mutum zai iya yi. A ƙa'ida ma abin da ba naka ba ba ka iya kyautar da shi, takardarsa ba ta hau kan muryar Malama ba ko da ya liƙa. Amma ƙa'ida a bakin wa? Abin ya riga ya shiga filash ɗin mutane da wayoyinsu, kuma duk wanda ya buɗe, abin da zai gani a sama shi ne ka ɗauka, ka canja, ka sayar.

Bayan an buɗe iyaka na je Babura ranar kasuwa neman batir. Ina ratsa layin masu magunguna sai na ji ta. Daga wata 'yar lasifika da aka ɗaure a jikin baro take fitowa, kalma ɗaya-ɗaya, a natse, kamar tana jiran aji ya maimaita. “Magani. Tsutsa. Ciki. Yara. Manya. Ɗari. Biyu.” Na tsaya cak. Wani mai shagon tura waƙoƙi a can ƙetare ne ya tsinci kalmomin, ya yanka ya jera, yana sayar wa 'yan talla a katin waya. Na tambayi mai baron ko ya san muryar wace ce. Ya ce wai wata 'yar gidan rediyo ce, kuma tunda ya sa ta mata suka fi tsayawa. Na ce ta malamata ce, ba ta yarda ba, ya taimaka ya cire. Mutumin kirki ne, ya kashe nan take. Sannan ya nuna mini da haɓa can gaba, ya ce, “To waɗancan fa, Alhaji?” Na kasa kunne, ga ta nan tana fitowa daga wani baron, da wani bayansa.

Tun daga lokacin ba na ɗora sunan fayil a kan kalmar Hausa, lamba nake ba shi. Ba na yarda da gwajin Jaki kaɗai, sai na gwada a kan kwamfutar da za ta zauna da abin. Abin aro kuma ba na miƙa wa kowa shi a hannu, ko ɗan'uwana ne, ni nake zuwa in ɗora da kaina, in wurin ya fi ƙarfin babur ɗina to ba za su samu ba. Mutane suna cewa na cika tsanani. Su faɗa.

Na yi kwanaki ina juya ko in gaya mata ko in bari. Ƙanwarta tana aure a Babura, Malama tana zuwa wurinta, kuma gara ta ji a bakina da ta ji a bakin baro. Na je na durƙusa inda na saba, na faɗa mata duka, ban rage ba. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi ma da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, “Me nake sayarwa?”

“Maganin tsutsar ciki, Malama.”

“Na yara?”

“Har da na yara.”

Sannan ta ce, “Yana yi?”

Na ce ban sani ba.

“Ni ma ban sani ba,” in ji ta. “Ga shi kuwa ina ta kiran uwayensu.”

Daga ranar ba ta sake taka Babura ranar kasuwa ba, sai dai ƙanwar ta zo mata. Ta riƙa aika wa tsofaffin ɗalibanta mata cewa in sun ji muryarta a kan magani kada su saya don ita, su kai yaro asibiti. Iya waɗanda ta sani ke nan. Allah ya yi mata rasuwa bayan wasu shekaru, Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Muryar kuwa tana nan. Yanzu har garin kunu take sayarwa, da sabulu. Kasuwar da ta wuce ma na ji ta wajen masu tumatir, ina sauri za ni tasha, direba yana ta yi mini hon. Na tsaya a tsakiyar hanya da jakata a kafaɗa sai da ta kai ƙarshe, don mu ba a koya mana wucewa Malama tana magana ba.